Kafin A Kafa Shinge, A Tambayi Masu Bin Hanya

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau maganar shinge za mu yi, shingen tsaro, irin wanda hukuma ko makaranta ko mutanen unguwa kan ce za su kafa saboda ɓarayi ko 'yan bindiga, amma in an kafa shi sai ya toshe hanyar da jama'a suka saba bi, ko ya cinye filin da kowa ke mora. Wa ya kamata a tuntuɓa kafin a haƙa ramin farko? Kuma wace irin tuntuɓa ce ta isa a kira ta shawara? Za mu fara da Amurka, inda aka yi wannan muhawara a bainar jama'a, kafin mu dawo gida. Ku biyo mu.

(Kiɗa)

Ranar 6 ga Janairun 2021, dubban magoya bayan Shugaba Donald Trump suka afka wa ginin Majalisar Dokokin Amurka, wanda ake kira Kapitol, a birnin Washinton. Suka farfasa tagogi, suka kutsa har zauren Majalisar Dattawa. Washegari aka fara kewaye ginin da baƙin shingen ƙarfe mai tsawon ƙafa 7, daga baya aka ɗora masa waya mai kaifi. Aka kuma jibge sojojin ko-ta-kwana kimanin 25,000 a birnin saboda rantsar da sabon shugaba ranar 20 ga wata. A wannan lokaci ba wanda ya yi ƙorafi sosai, domin kowa ya ga abin da ya faru da idonsa.

Rigima ta taso ne ranar 28 ga Janairu, lokacin da muƙaddashiyar shugabar 'yan sandan Majalisar, Yogananda Pittman, ta fito ta ce ana buƙatar shinge na dindindin. Nan mazauna birnin suka ce ba su yarda ba.

Domin ku fahimci dalilinsu, sai kun san yadda wurin yake. Ginin yana bisa tudu, kewaye da makeken fili mai ciyawa da itatuwa, wanda Frederick Law Olmsted ya fara tsarawa a 1874, kuma da gangan aka bar shi a buɗe. Mutanen unguwar da ke bayansa ta nan suke ratsawa zuwa aiki, a ƙafa ko a keke. Nan ake motsa jiki da safe, nan iyaye ke kai yara su yi sulu idan ƙanƙara ta sauka, nan masu zanga-zanga ke tsayawa su faɗa wa 'yan majalisa abin da ke ransu. Shingen kuma layi biyu ne, na ciki da na waje, na wajen ya datse wasu sassa na manyan tituna biyu da suka ratsa birnin daga gabas zuwa yamma, wato Independence da Constitution, sai motoci suka koma zagaye, har da na asibiti da na 'yan kwana-kwana.

Ga wani abin lura. Filin na Majalisa ne, gwamnatin birnin ba ta da iko a kansa. Mazauna Washinton kuma ba su da sanata, wakiliyarsu a Majalisar Wakilai a lokacin, Eleanor Holmes Norton, tana magana tana gabatar da ƙudiri, amma ba ta da ƙuri'a idan an zo zartar da doka. Ke nan mutanen da shingen ya fi takura wa su ne suka fi kowa nisa da teburin yanke hukunci. Duk da haka ba su naɗe hannu ba. Magajiyar garin, Muriel Bowser, ta fito ta ce ba za su amince da shingen dindindin ba. Ita Norton ta gabatar da ƙudirin haramta shi, ta kuma kira taron jin ra'ayin jama'a ta intanet. Mazauna unguwar suka tattara sa hannun dubban mutane. 'Yan majalisa na jam'iyyun biyu suka shiga maganar, har jagoran 'yan Republican a Majalisar Dattawa na lokacin, Mitch McConnell, ya ce wurin ya tuna masa da birnin Kabul.

A watan Maris, kwamitin da aka ɗora wa binciken tsaron ginin, ƙarƙashin wani janar mai ritaya, Russel Honoré, ya miƙa rahotonsa. Bai ce a bar ginin haka ba. Ya ba da shawarar a ƙara ɗaruruwan 'yan sanda, a gyara yadda ake tattara bayanan sirri, a tanadi rundunar da za ta kai ɗauki cikin gaggawa, shinge kuwa a yi irin wanda ake kafawa idan buƙata ta taso, a kwashe idan ta wuce. Zuwa ƙarshen Maris aka cire shingen waje, a watan Yuli aka cire na ciki. Tun daga nan, idan za a yi wani babban taro, kamar jawabin shekara na shugaban ƙasa, akan kafa shi na 'yan kwanaki a sauke.

Masu sauraro, ku lura da abin da muhawarar ta haifar. Da farko zaɓi biyu aka ajiye a gaban mutane: ko shinge, ko hari. Da aka buɗe magana sai zaɓi na uku ya bayyana, wanda ya tsare ginin kuma ya bar hanya. Amfanin shawara ke nan a irin wannan lamari. Jami'in tsaro daga ciki yake kallon shinge, yana lissafin wanda zai hana shiga. Mai bin hanya daga waje yake kallonsa, yana lissafin zagayen da zai riƙa yi kullum. Sai an haɗa lissafin biyu ake sanin ainihin farashin shingen.

(Kiɗa)

Kada wani ya ɗauka cewa duk inda aka yi shawara, shinge ba ya tsayawa. A cikin wannan birni dai, a watan Satumbar 2014, wani tsohon soja ɗauke da wuƙa ya haura shingen Fadar White House, ya ruga ya shige har cikin ginin kafin a kama shi. Shugabar hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa, Julia Pierson, ta ajiye aiki saboda wannan. Kowa ya yarda tsohon shingen ya yi gajarta. Amma ba a wayi gari an kira ɗan kwangila ba. Sai da zanen ya bi ta hukumomi biyu masu kula da tsarin birnin da kyan gine-ginensa, waɗanda ke zama a buɗe. Aka tattauna tsawonsa, da kaurin sandunan, da tazarar da za a bari tsakaninsu domin wanda ya tsaya a titi ya ci gaba da hango fadar. A 2017 aka amince, a 2019 aka fara aiki, aka kafa shinge mai tsawon ƙafa 13, kusan ninki biyu na tsohon. Shinge ya tashi, amma na sanduna ne da ake gani ta tsakaninsu, mutane kuma na ci gaba da tsayawa a gabansa.

Titin da ke gaban fadar kuwa, Pennsylvania, an rufe shi ga motoci tun watan Mayun 1995, bayan harin bam na birnin Oklahoma, kuma har yau ba a buɗe ba. Ku riƙe wannan: abin da aka rufe saboda tsaro, da wuya ya buɗe da kansa.

A Ostireliya akasin haka aka yi. Ginin Majalisarsu da ke Kanbera, wanda aka buɗe a 1988, a cikin tudu aka gina shi, aka shimfiɗa ciyawa a bisa rufinsa, domin talaka ya taka ya hau, 'yan majalisa suna ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan ita ce manufar mai zanen, Romaldo Giurgola. A watan Disambar 2016 majalisun biyu suka amince a datse ciyawar da shingen ƙarfe mai tsawon mita 2.6, aka ce bayanan tsaron da suka sa haka ba na kowa da kowa ba ne. Da labari ya bazu, ɗaruruwan mutane suka taru suna gangarowa daga tudun suna birgima, domin nuna rashin jin daɗi. Amma ihu ne bayan hari. An riga an kaɗa ƙuri'a, kuma a shekarar da ta biyo aka kafa shingen.

(Kiɗa)

To, mene ne shawara ta gaskiya? Domin mun sha ganin a tara mutane a ƙarƙashin rumfa, a yi jawabi, a raba lemo, a ɗauki hoto, alhali bulo da siminti suna ajiye a bayan gini. A Ingila kotu ta taɓa warware wannan a 1985, a wata shari'a da iyayen yara suka kai ƙaramar hukumar Brent ta birnin Landan kan shirin rufe wasu makarantu. Daga nan aka samu sharuɗɗa huɗu da ake kira ƙa'idojin Gunning, waɗanda Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙara tabbatarwa a 2014.

Na farko, a tambayi mutane tun abin yana matakin tunani, lokacin da amsarsu za ta iya sauya shi. Tun ran gini, ran zane. Na biyu, a ba su isasshen bayani da dalili, yadda za su yi magana da sani. Na uku, a ba su isasshen lokaci su duba su ba da amsa. Na huɗu, mai yanke hukunci ya auna abin da aka faɗa da zuciya ɗaya kafin ya yanke. Ba a ce dole ya bi ra'ayin masu rinjaye ba. Shawara ba zaɓe ba ce. Amma in ya ƙi bin abin da aka faɗa, ya fito ya faɗi dalili.

Wani jami'i zai ce, ai maganar tsaro ce, ba a yin ta a kasuwa. Da gaskiyarsa, amma rabi. Inda za a ɓoye kyamara, da yawan masu gadi, da rahoton da aka samu kan wanda ke shirin kawo hari, duk waɗannan sirri ne, ba wanda ya ce a karanta su a lasifika. Amma layin da shingen zai bi, da tsawonsa, da inda ƙofa za ta kasance, da lokacin buɗewa da rufewa, ran da aka gama gini kowa zai gan su, har ɓarawon. Abin da za a gani gobe, ɓoye shi yau ba ya ƙara tsaro, sai dai ya hana gyara.

(Kiɗa)

Mu dawo gida. Mu nan ba mu buƙatar a yi mana bayanin amfanin katanga. Tun da aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a watan da ya biyo, sannan aka ga abin da ya faru a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, duk uban da ɗansa ke makarantar kwana yana son ya ga katanga mai tsawo. Unguwanni da yawa a biranenmu sun haɗa kuɗi sun sa ƙofofin ƙarfe a bakin layi. Wannan ba laifi ba ne, rigakafi ya fi magani.

Sai dai filin makaranta a garuruwanmu ba na makaranta kaɗai ba ne. Sau da yawa nan ne filin ƙwallon samari, nan ake sallar Idi, nan ake ajiye akwatin zaɓe. Ta tsakiyarsa wata 'yar hanya ta ratsa zuwa rijiyar burtsatse, ko injin niƙa, ko maƙabarta. Ta gefensa burtali ya bi zuwa mashaya. In aka zagaye shi ba tare da an tambaya ba, yarinyar da ke ɗebo ruwa ta koma bin bayan gari da magariba, masu ɗauke da makara su yi dogon zagaye cikin rana, makiyayi ya tarar da bulo a hanyarsa ya karkata da shanu cikin gonar wani. An magance barazana guda, an haifi uku. Kuma mun san ƙarshen irin wannan katanga: watarana za a wayi gari an huda ta daidai inda tsohuwar hanya take. Da ramin da ba mai tsaronsa, gara ƙofar da aka yi shawara aka sa mata mai gadi.

Dokarmu ba ta bar wannan a banza ba. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, kuma a layin da ke biye ya ce a tabbatar jama'a na da hannu a yadda ake mulkinsu. Tare aka rubuta su. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa dama ya rubuta wa hukuma ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana 7. Toshe titin gwamnati kuwa ba hurumin ƙungiyar unguwa ba ne, sai da izinin hukumar tsara birane, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. A Legas gwamnati ta sha ba da umarni a bar ƙofofin layi a buɗe daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare. A addinin Musulunci ma hanya tana da haƙƙi, har akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya nuna cewa idan aka yi saɓani kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai.

To idan aka kira taro a unguwarku ko ƙauyenku kan shinge, me za ku tambaya? Ga abin da muke ba da shawara.

Ku fara da cewa: wace barazana ake son tarewa? Shingen da zai hana awaki shiga daban, wanda zai hana ɓarawon dare daban. Gungun 'yan bindiga a kan babura kuwa, katanga kaɗai jinkirta su take yi, sai an haɗa da mai gadi, da fitila, da hanyar kiran ɗauki.

Ku ce a nuna muku layin a ƙasa. Yawancinmu ba mu saba karanta taswira ba. A zuba toka ko a kafa turaku, a taka tare da mai unguwa da injiniya, kowa ya ga inda bango zai tsaya. A nan ne za a ga ya hau magudanar ruwa, ko ya shiga ƙofar gidan wani.

Ku tambayi ƙofofi: guda nawa, a ina, faɗinsu zai ɗauki motar asibiti da ta kwana-kwana? Kurar mai garuwa da keken guragu za su wuce? Wa zai riƙe mabuɗi? In mace ta fara naƙuda ƙarfe 2 na dare, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa, kuma in ba ya nan fa? Ku tuna shingen da ya hana na waje shiga, shi ne zai hana na ciki fita ran da gobara ta tashi. Makarantar da ke da ɗaruruwan yara da ƙofa ɗaya tal, ba a gama tsare ta ba.

Ku tambayi kuɗi: wa zai biya mai gadi bayan an gama gini, wa zai gyara in damina ta kayar da wani sashe? In wani zai rasa rumfarsa ko wani yanki na gonarsa, me aka tanadar masa?

Sannan ku nemi a sa rana. In an ce na wucin gadi ne, a rubuta ranar da za a sake zama a duba, bayan wata shida ko shekara. A rubuta duk abin da aka amince a takarda, hakimi ko dagaci ya sa hannu, shugaban makaranta ko na hukuma ya sa, a ajiye kwafi a wurin kowane ɓangare. Shugabanni suna canzawa, wanda ya yi muku alkawari da baki bana, baɗi an yi masa canjin wurin aiki.

(Kiɗa)

Ga masu kiran taron kuma, ranku ya daɗe, muna da roƙo. Ku duba waɗanda suka zo, sannan ku tambayi kanku waɗanda ba su zo ba. Taron da aka yi ƙarfe 10 na safe ranar kasuwa, dattawa da ma'aikata kaɗai zai samu. Matan da ke cikin gida, waɗanda 'ya'yansu ne ke bin hanyar kullum, a aika musu mata su ji ta bakinsu, ko a yi musu zama na daban a islamiyya ko a gidan mai unguwa. Makiyayin da sai kaka yake ratsowa, a nemi arɗonsa. 'Yan haya, da masu a-daidaita-sahu, da masu tireda a bakin hanya, da makafi da guragu, da mabiya wani addinin da wurin ibadarsu ke ɗaya gefen, duk suna da abin faɗa. A yi sanarwa a masallaci da coci da rediyo, da harshen da mutane ke ji, a bar aƙalla mako biyu ko uku kafin a rufe karɓar ra'ayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ya san ƙarfin siminti, amma tsohuwar da ta shekara arba'in a layin ita ta san ta inda ruwa ke bi in an yi mamako, ta kuma san lungun da ɓarayi ke fitowa.

Bayan an yanke hukunci, ku dawo ku faɗa wa jama'a: kun ce kaza mun yi, kun ce kaza ba mu yi ba, ga dalili. Mutumin da aka saurare shi, ko bai samu yadda yake so ba, yakan zama mai tsaron katangar. Wanda aka yi wa ba-zata kuwa, ko ya ga ana haura ta, ba lallai ya yi magana ba.

Ku kuma jama'a, in an kira ku je. Kada a bar taro ga mutum biyar, sai an gama gini a cika majalisa da gunaguni. Ku je da bayani a hannu: mutum nawa ke bin hanyar, da wane lokaci, zagayen zai ƙara musu tafiyar minti nawa. Ku je da wata mafita, ko a matsar da bangon kamu goma, ko a bar siririyar hanya a gefensa, ko a sa ƙaramar ƙofa da za a riƙa buɗewa da rana. Kuma ku saurari tsoron maƙwabcinku, domin wanda aka taɓa haura masa gida ba zai kalli maganar yadda kuke kallonta ba.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. In akwai shingen da ake shirin kafawa a yankinku, ku fara da zuwa wurin mai unguwa ku tambaya ko an sa ranar zama, in ba a sa ba ku nemi a sa. A madadin duk waɗanda suka haɗa hannu wajen kawo muku shirin, muna cewa Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)